Zuwa ga Uwata, kan takardar da kike nema

Assalamu alaikum.

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya kuma haƙuri da zaman Abuja? Mu nan gida lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi, har ta fara fitowa tsakar gida shan hantsi. Antinki da ƙannenki duk suna gaishe ki.

Da gangan na ƙi kiran ki a waya. Kin san halina, na san naki. Ni in abu ya tsaya min a rai sai muryata ta ɗaga, ke kuma ki yi shiru, ki ce "to Baba", mu ajiye waya babu wanda ya ji wani. Wannan maganar ta fi ƙarfin "to Baba". Shi ya sa na zauna bayan sallar isha'i na ɗauki biro. Ki karanta a tsanake.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Gwaggonki ta same ni a shago. Ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta fito da abin da ya kawo ta: wai kin roƙe ta ta buɗe akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gadona, ta nemo takardar aurena da mahaifiyarki, ta ɗauki hotonta ta tura miki, kada kuma in sani. Ba ta buɗe ba. Kada ki riƙe ta a zuciya, kwana uku ta yi tana juyi kafin ta zo. Ta ce kuma kina tara kuɗin jirgi, kina so ki yi Nauruz mai zuwa, bikin sabuwar shekarar mutanen Iran, a Shiraz wurin Khalenki, ƙanwar mahaifiyarki.

Maganar tafiyar ba ta zo min da mamaki ba. Tun ƙaramar Sallah na san an zo wurin. Kin tuna da Antinki ta miƙo miki kwanon tuwo, bakinki ya suɓuce da Farisanci kika ce "dastet dard nakone"? Kin ɗauka babu wanda ya ji. Ni na ji. Shekara 20 rabon da a furta wannan a gidan nan. Na miƙe na ce zan duba mota, na je soro na tsaya, sai da aka kira magariba na dawo. "Kada hannunki ya yi ciwo." Da shi take yi wa Hajiya godiya ko da ruwa ta miƙo mata, har Hajiya ta haddace tana mayar mata da shi.

Bari in fara da abin da ba na ja da shi. Ba na hana ki sanin dangin mahaifiyarki, da yarensu, da garinsu. Naki ne, ba aro ba. Masu cewa za ki dawo 'yar Shi'a na ji su, haka suka faɗa a kaina da na dawo daga karatu, ga ni nan har yau a sahun da Malam ya bar ni. Mahaifiyarki a kan turbarta, ɗan dunƙulen yumɓun nan da 'yan Shi'a ke ɗora goshi a kai, take sujada a ɗakin nan, Hajiya na gefe tana tata sallar, ba a taɓa jin kansu ba. Ba wannan ke hana ni barci ba.

Na kuma san kina da ƙorafi a kaina, ko da ba ki taɓa furtawa ba. Kina shekara 5 Farisanci a bakinki kamar ruwa, ke ce ma tafinta tsakanin kakanninki in an bugo waya. Da Allah ya karɓi abarsa, ni na rufe bakin yaren a gidan nan. In kin yi min magana da shi sai in amsa da Hausa, har kika gaji kika daina. Littattafanta da kaset-kaset ɗinta na kwashe na kulle. Ina da dalili. Ga ki marainiya, ga ki fara sol a cikin 'yan'uwa, yaran unguwa na bin ki da "'yar Larabawa", wasu iyayen ma na hana 'ya'yansu cin abincin gidanmu. Na ji tsoron ki tashi kamar jemage, ba ki cikin tsuntsaye, ba ki cikin dabbobi. Har gobe ina ganin ban yi wauta ba, domin yau babu wanda ya isa ya kira ki bare a Kano. Amma wannan rabin dalilin ne. Ɗaya rabin ban taɓa faɗa wa kowa ba: ba na iya jin yaren daga bakinki. Lafazinta ne sak, har jan maganar nan ta mutanen Shiraz. Wannan rabin don kaina na yi, ba don ke ba. Ki yafe min.

Abin da na kulle miki kuwa ba ƙarami ba ne. A nan in an ce Iran, baƙin rawani da makamai kawai mutane ke gani. Malam ma haka yake, wata shida yana ƙin karanta wasiƙuna. Kin san abin da ya fara saukar da shi? Da na rubuto masa cewa kabarin Sibawaihi yana garin su yarinyar. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana karantar da nahawu a zaure, aka ce masa limamin nahawun Larabci Bafarishe ne, kuma a unguwannin surukansa yake kwance. Na ƙara masa da cewa Fairuzabadi, mai Alƙamus ɗin da ke kan kantarsa, shi ma haifaffen lardin Fars ne. Asalin kalmar teku take nufi, shaharar littafinsa ce ta sa kowane littafin ma'anar kalmomi ya zama ƙamus, har a bakinmu. Amsar Malam layi biyu ce: tunda ƙasar malamai ce, a je a nema.

Yaren ba zai ba ki wuya ba, yana kwance ne a cikinki. Baƙaƙen da kika koya a allo su ne, sai huɗu da suka ƙara, pe da ce da zhe da gaf, suka zama 32. Abin da ya fi ɗaure min kai a watannina na farko a Ƙazwin shi ne ba su da "shi" da "ita", kalma ɗaya ce, "u". Shi ya sa har ta koma ga Allah mahaifiyarki tana ce wa Malam "ta zo", tana ce wa Hajiya "ya tafi", gida ya ɗauki dariya, ita ma ta taya.

Gwaggonki ta taɓa ba ki labarin ƙanzo? Satinta na biyu a Kano, abokan Malam suka zo ganin amarya, ta ce ita za ta yi girki. Tun safe ta jiƙa shinkafa, ta tafasa ta rabin dahuwa, ta tace, ta zuba mai da za'afaran a gindin tukunya, ta naɗe murfin da tsumma mai tsabta, ta rage wuta, ta zauna a gaban murhu kusan awa guda kamar mai gadin jariri. Da ta sauke sai ta kife tukunyar a faranti, ƙanzon ya fito a sama, ja-ja-wur, ko tsagewa bai yi ba. Shi ta yanka ta aika zaure. Hajiya ta dafe ƙirji: ƙanzo za a kai wa malamai? Aka dawo da farantin. Ita kuwa ta shige ɗaki tana kuka, don a gidansu tahdig, wato gindin tukunya, shi ake ajiye wa baƙon da ya fi kowa daraja, da shi ake gane hannun mace. Ni na tsaya a tsakani ina fassara. Hajiya ta gutsira ta tauna, ta yi shiru, ta sake gutsira, sannan ta ɗauki farantin da hannunta ta mayar zaure. Daga ranar suka ƙulle. Ko kin lura har yanzu Hajiya ba ta bari a jiƙa ƙanzo a gidan nan?

Nauruz ɗin da kike son gani kin yi shi sau biyar, mantawa kika yi. Sati biyu kafin 21 ga Maris take shuka alkama a faranti, ta rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ke kike yayyafa ruwan kowace safiya. Ranar sai ta shimfiɗa farin zane ta jera abubuwa bakwai masu farawa da harafin sin: tsiron nan sabze, tafarnuwa sir, tuffa sib, da sauransu. Waɗanda babu a kasuwar Sabon Gari, irin su somaƙ da senjed, ƙanwarta ke aiko mata tun watan Janairu. Ga madubi, ga Alƙur'ani, ga littafin waƙoƙin Hafiz, shahararren mawaƙinsu. Rana ta 13 ba a wuni a gida, sai mu ɗauki tabarma mu tafi bakin kogin Challawa, ki jefa tsiron a ruwa da hannunki. Daren Yalda kuma, dare mafi tsawo a shekara, cikin sanyin Disamba, da kankana muke yi tunda rumman ba ya samuwa. Ta buɗe Hafiz ido rufe, ta karanta shafin da ya fito. Ni ban taɓa ɗaukar abin duba ba, ita ma ta ce gaisawa ce da ɗan garinsu. Shi da Sa'adi duk a Shiraz suke kwance, kuma za ki ga direban tasi yana jawo baitocinsu kamar yadda muke jawo karin magana.

Akwai kuma Takhte Jamshid, wanda Turawa ke kira Persepolis, tafiyar kamar kilomita 60 daga gari. Sarki Dariyus ya fara gina shi wajen shekara 518 kafin haihuwar Annabi Isa. A jikin matakalar fadar an sassaƙa ayarin al'ummai suna kawo gaisuwa, kowa da irin tufafinsa, can ƙarshen layi ga mutanen Afirka, ɗayansu ɗauke da hauren giwa. A lokacin gidansu ba sa son ko jin sunana. Ta tsaya a gaban wannan dutsen ta ce min, ga shi kun riga kun zo tun shekara 2,500, yanzu ne za a ce kai baƙo ne? Ina so ki tsaya a wurin. Wallahi ina so.

Za ki tarar da mutane masu kara, ta fi tamu ma. Ta'arof suke ce mata. Mai shago zai ce miki "ghabel nadare", wai kayan bai kai a biya ba, ki dage ki biya. Za a yi miki tayin abinci, ki ƙi sau biyu, ki karɓa a na uku. Shekara 8 na yi a cikinsu, na san maganar da ke fatar baki, na san wadda ta fito daga ciki. Ranar da Khalenki za ta riƙe hannunki ta ce ki zauna, ga ɗakin mahaifiyarki nan yadda ta bar shi, wannan ba ta'arof ba ne.

To, ga inda nake nufi, Uwata. Ba a neman takardar aure don biza. Ni ba yaro ba ne. Abu ɗaya takardar nan za ta yi miki: shenasname, takardar zama 'yar ƙasa. A dokarsu ta asali ɗa uba yake bi, shi ya sa a idon hukumarsu ke 'yar Najeriya ce, baƙuwa. A 2019 suka yi dokar da ta ba 'ya'yan matan Iran da suka auri baƙi damar nema, wanda ya wuce shekara 18 ya nema da kansa. Na san an gaya miki wannan. Abin da ban sani ba shi ne ko an gaya miki sauran. Najeriya ta yarda ki riƙe fasfo biyu. Iran ba ta san wannan zancen ba. Ranar da aka miƙa miki takardar nan, a wurinsu ke tasu ce ita kaɗai. Da fasfonsu za ki shiga, da shi za ki fita, in sun bar ki. In wani abu ya same ki, ofishin jakadancinmu na Tehran ba shi da bakin magana, za a ce musu wannan lamarinmu ne da 'yarmu.

Ki nemi labarin Nazanin Zaghari-Ratcliffe. Mai fasfo biyu ce, na Ingila da na Iran. Ta kai jaririyarta ganin iyayenta lokacin Nauruz, daidai irin tafiyar da kike shiryawa. A watan Afrilun 2016 aka tsare ta a filin jirgin Tehran tana hanyar komawa. Ba ta sake taka gidan mijinta ba sai Maris na 2022. Ingila da duk ƙarfinta ba a bar jami'anta sun gan ta a kurkuku ba. Ni wa na sani? Mai sayar da magani a Kano, wace ƙofa zan buga? Za ki ce ke ba ruwanki da siyasa. Kina aiki da ƙungiyar da kuɗinta daga Turai yake zuwa, wayarki cike da lambobin Turawa. Wa zai tsaya ya saurari bayaninki? In kuma Allah ya haɗa ki da miji a can, ki sani matar aure ba ta samun fasfo sai da sa hannun mijinta. A watan Yunin 2025 da aka yi kwana 12 ana ruwan bama-bamai tsakaninsu da Isra'ila, aka rufe sararin sama, intanet ta ɗauke, kin san abin da nake yi? Lambar Khalenki nake bugawa dare da rana ba ta shiga. E, ina da lambar. Ban taɓa yar da ita ba. Wannan ƙanwar matata ce na kasa cin abinci. Ina ga ke?

Kakanki ya rasa ɗansa namiji tilo a yaƙinsu da Iraƙi, wanda aka yi daga 1980 zuwa 1988. Hotonsa na rataye a falo, kullum da furen da aka sauya. Sai ga ni na zo neman babbar 'yarsa in kai ta wata duniya. Shekara biyu yana cewa a'a. Ranar da za mu taho ya tsaya a ƙofar gida ya ɗaga Alƙur'ani sama, ta sumbace shi ta wuce ta ƙarƙashinsa, kakarki ta biyo motar da kwanon ruwa ta watsa a bayanmu, don haka suke yi wa matafiyi ya dawo lafiya. Ya leƙo ta taga ya kama wuyan hannuna ya ce kalma ɗaya: amanat. Ba ta bukatar fassara. Na yi masa alkawarin kawo ta duk shekara biyu. Sau ɗaya na cika, kina goye. Sai ranar da na buga waya na gaya masa mun kai ta makwancinta. Bai faɗa min baƙar magana ko ɗaya ba. Ya yi salati, ya yi shiru, sannan ya ce, yarinyar fa? Daga baya suka roƙa in kawo ki ki yi musu ko shekara guda. Na ƙi. Suka rubuto, suka sake rubutowa, na daina amsawa, domin na san in kika shiga gidan nan ba za ki fito ba, kuma ba ni da bakin da zan ce a ba ni. Har ya rasu bai sake ganin ki ba.

Na ɗauko musu 'ya ban mayar ba. Shekara 20 ina kwana ina tashi da wannan bashin, kuma tsorona ɗaya ne a duniya, kada a biya shi da ke.

Shi ya sa abin da kika yi ya yi min ciwo. Ni ne yau ake zagayewa? Akwatina za a buɗe a bayan idona, kamar wanda ya mutu ana rabon gado? Da kika yi ƙyanda wa ya kwana 9 a kan benci a asibiti? Antinki da ta karɓe ki kina fitsarin kwance, ta yi miki kitso, ta raka ki makaranta, ba ta taɓa bari wani ya gane ba ita ta haife ki ba, kin tsaya kin yi tunanin yadda za ta ji a ce kin je neman takardar wata ƙasa ba ko sallama? Karatun da kika yi bai sa kin fi ni sanin ƙasar da na ci gishirinta shekara 8 ba. Wanda ke zuga ki a waya, ko ɗan Khalenki ne ko wane ne, in ta ɓaci ba shi zai zauna a soro yana jiran labari ba. Ki ji da kyau: ban yarda ki nemi shenasname ba. Ba zan yi miki baki ba, Allah ya tsare ni da wannan, amma in kin karɓe ta, ba da yawuna ba.

Na ajiye biron na yi alwala na dawo. Ban goge abin da na rubuta a sama ba, don gaskiyata ce. Amma na san ba raini ya sa kika bi ta wurin Gwaggonki ba. Ni na koya miki cewa ba a ambatar wannan akwatin.

Ki zo gida ƙarshen wata. Mu buɗe shi tare, ni da ke, da rana tsaka. Akwai Hafiz ɗin da rubutun kakanki a shafin farko. Akwai kaset 6, ɗaya muryarta ce tana yi miki waƙar barci, na sa an gyara rediyon Malam don shi. Akwai wasiƙun da ban amsa ba, suna nan a ɗaure, ke za ki karanta min su in idona ya gaza. Takardar auren ma za ki gan ta, ki riƙe ta, ki ga sa hannunta, sannan ta koma inda take.

Tafiya kuwa za ki yi, in Allah ya yarda, amma da koren fasfonki da biza, da tikitin dawowa a hannu, kuma sai ƙura ta lafa, ko da Nauruz ɗin wata shekarar ne. Katin bankinki ba zai yi aiki a can ba saboda takunkumi, kuɗi a hannu za ki riƙe, in an faɗa miki farashi ki tambaya toman ne ko riyal, don toman ɗaya riyal 10 ne. In likita ya bar ni, ni zan raka ki. In bai bari ba, akwai aiken da zan ba ki. Ranar Alhamis da yamma suke ziyarar maƙabarta. Ki sayi ruwan wardi ki wanke dutsen kabarin kakanki kamar yadda suke yi, ki karanta masa Fatiha, ki roƙa min gafarar kakarki tun tana da rai. Hajiya ta ce za ta haɗa mata turaren wuta da lalle. Ranar da za ki tashi kuma daga ƙofar gidan nan za ki tashi, ba daga Abuja ba, don in watsa ruwa a bayan motar da hannuna.

Ki kira ni ranar Lahadi bayan la'asar, lokacin shago ba kowa. Ki yi min magana da duk yaren da kika ga dama. Nawa ya yi tsatsa, za ki ji kurakurai, amma da shi zan amsa miki.

Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan mahaifiyarki.

Mahaifinki.